Gashi da Gashi: Tarihin Saiwar Suma a Gaban Hasken Asibiti

Hausa tana da kalmomi biyu da ake rubuta su iri ɗaya, sai a baki suke rabuwa. Akwai gashi wanda ake jan wasalinsa na farko, shi ne na kai da na haɓa, wanda wanzami yake askewa, makitsiya take kitsewa. Akwai kuma gashi mai gajeren wasali, aikin mai tsire da mai masara, wanda muka ara muka laƙaba wa maganin da ake yi wa ciwon daji da haske mai ratsa jiki. Idan aka ce an tura wance gashi a asibitin Komfo Anokye, na biyun ake nufi. A Zangon Kumasi, inda na tashi, kalmomin nan sun haɗu cikin tsoro guda, wato gashi yana cinye gashi. Na sha jin maganar a gidan suna da gidan biki, kuma na san matan da ta sa suka yi ta jan ƙafa wajen komawa asibiti har lokaci ya ƙure musu.

Tsoron yana da tushe, domin hasken yana zubar da suma da gaske, kuma likitoci sun san haka tun shekarar farko da suka fara aiki da shi. Tun daga lokacin masana suke bin diddigin tambayoyi uku: me ya sa saiwar gashi take saurin jikkata, me ya sa wata take farfaɗowa wata kuma ta mutu murus, kuma ko akwai abin da za a ba ta don ta jure. Tambaya ta ukun ce ta kai su ga wasu sinadarai da jiki da kansa yake haɗawa, waɗanda zan riƙa kira sinadaran haɓaka. Don gudun ruɗani, mai karatu ya lura: duk inda na ce suma ko saiwa, gashin jiki nake nufi, inda na ce gashin asibiti kuwa, maganin nake nufi.

Janairun 1896

Wata guda ne ya haɗa tarihin unguwarmu da tarihin wannan haske. A Janairun 1896 sojojin Ingila suka shiga Kumasi, cikinsu har da dakarun Hausawa, suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa. Bayan haka ne, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, fataken goro daga ƙasar Hausa da Salaga suka sami damar zama a garin da yawa, Zango ya kafu ya bunƙasa. A cikin wannan watan ne kuma jaridun Turai suka cika da labarin wani malamin jami'a a Jamus, Wilhelm Röntgen, wanda a Nuwamban 1895 ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Shi ne eksire da ake ɗaukar hoton karaya da shi a yau.

Ba a yi wata huɗu ba suma ta tona asirin hasken. A Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka, an nemi wani malami mai suna John Daniel ya gano inda harsashi ya maƙale a kan wani yaro. Kafin ya taɓa yaron sai ya gwada a kan abokin aikinsa William Dudley, ya kara fitilar eksire kusa da kansa har tsawon awa guda. Dudley bai ji zafi ba, bai ji komai ba. Bayan kwana 21 sai sumar wurin ta zube, ta bar wani fili kewayayye tas. Wannan yana cikin shaidu na farko da suka nuna cewa hasken yana taɓa abu mai rai, ba hoto kawai yake ɗauka ba.

Wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Leopold Freund, ya karanta irin waɗannan rahotanni sai ya ga magani a cikinsu. A ƙarshen shekarar 1896 aka kawo masa wata yarinya 'yar shekara biyar mai babban tambarin haihuwa a baya, lulluɓe da gashi. Ya riƙa haska wurin kullum har gashin ya zube. Da ya ƙara yawan hasken a wani sashen bayanta, sai gyambo ya fito wanda ya daɗe bai warke ba, ko da yake yarinyar ta rayu har tsufa. Masana tarihi da yawa suna ƙirga aikin Freund a matsayin farkon gashin asibiti bisa tsari. Ashe tun ranar farko, zubar da gashi shi ne abin da aka fara nema daga wannan magani.

Zamanin makero

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Zango ko Aboabo ko Asawase ya san makero, farin tabon nan da ke cin kan yara, ana ɗaukarsa a makarantar allo da ta boko da kuma askar da ba a wanke ba. Wani irin funfuna ne yake kawo shi, kuma yana shiga har cikin silin gashi, shi ya sa man shafawa ba ya kai masa. A Turai ta ƙarni na 19 makero ya addabi 'ya'yan talakawa ƙwarai. Ɗaya daga cikin magungunansu shi ne a manna wa yaro hular kwalta a ka, ta bushe, sannan a fizge ta da gashin duka. A asibitin Saint-Louis na birnin Faris har makaranta ta musamman aka buɗe wa masu makero, inda yaro kan yi shekara biyu ko fiye a killace.

A 1904 likitan wannan asibiti, Raymond Sabouraud, ya tsara yadda za a haska kai daidai gwargwadon da suma za ta zube cikin mako uku, ta tafi da funfunar, sannan sabuwa ta tsiro bayan 'yan watanni. Jinyar shekara biyu ta koma ta wata uku. Shi da abokin aikinsa Noiré suka ƙirƙiro wata 'yar ƙwaya mai canza launi idan hasken ya kai adadin da ake so. Robert Kienböck a 1907 da Horatio Adamson a 1909 suka gyara dabarar, ana haska kai ta fuska biyar. A wancan zamani babu tsayayyen ma'aunin haske, sai a 1928 ƙasashe suka amince da guda, don haka likitoci sukan yi awo da jikin mutum: adadin da ke sa fata ja, da adadin da ke zubar da suma. Saiwar gashi ta zama mudun awo. Idan aka gaza mata ba ta zubewa, idan aka zarce kaɗan yaro ya zama mai sanƙo har abada.

'Yan kasuwa ma ba su bari an ci babu su ba. A shekarun 1920 wani likita a Niyok, Albert Geyser, ya baza injinan eksire a shagunan kwalliya da sunan Tricho, don cire wa mata gashin fuska. Gashin ya tafi, amma bayan shekaru da yawa matan suka riƙa zuwa asibiti da tamojin fata da ciwon daji. A 1945 kuma, waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki suka ga sumarsu tana zubewa bayan kimanin mako biyu, har likitoci suka riƙa amfani da wannan alama wajen ƙiyasta yawan hasken da ya sami mutum.

Haska kan yara bai tsaya ba sai da James Gentles na Jami'ar Gilasgo ya nuna a 1958 cewa maganin sha mai suna griseofulvin yana kashe funfunar daga ciki. Kafin nan, an ƙiyasta yara kusan 200,000 aka haska a duniya. A Isra'ila, inda aka yi wa dubban yaran baƙin haure wannan aiki tsakanin 1948 da 1960, Baruch Modan ya bi sawun yara fiye da 10,000, kuma a 1974 ya ba da rahoton cewa ƙarin ƙwaƙwalwa da ciwon dajin maƙoshi sun fi yawa a cikinsu. A 1994 majalisar ƙasar ta yi dokar biyansu diyya. Darasin ya shiga kunnen likitoci: ba a haska lafiyayyen jiki saboda ƙaramar cuta.

Me ya sa saiwa take da rauni?

Amsar farko ta fito tun 1906 daga wasu Faransawa biyu, Jean Bergonié da Louis Tribondeau. Sun lura cewa ƙwayoyin halittar da suka fi saurin rabuwa su ne hasken ya fi yi wa illa. Dalili kuwa, hasken yana tsinka zaren DNA, littafin umarnin da ke cikin kowace ƙwaya. Ƙwayar da take zaune tana da lokacin ɗinke ɓarakar. Wadda take tsakiyar kwafar littafin don ta rabu biyu kuwa, sai ta kwafi ɓarnar, ko kuma wani mai gadi da ke cikinta, furotin ɗin da ake kira p53, ya umarce ta da ta kashe kanta. Da wannan ne ake kashe ciwon daji, domin ƙwayoyinsa ba sa hutawa da rabuwa. Kuma da wannan ne suma take shiga uku, domin ƙwayoyin da ke gindin saiwa suna cikin mafiya saurin rabuwa a jikin ɗan Adam.

Kan mutum yana ɗauke da saiwoyi kimanin 100,000. Kowace tana zagaye irin na gona: lokacin tsiro na shekara biyu zuwa shida, lokacin janyewa na mako biyu zuwa uku, sai lokacin hutu na kimanin wata uku, sannan ta sake farawa. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin tsiro, suna fitar da kusan santimita ɗaya a wata, ko da yake tamu ta baƙar fata takan ɗan gaza haka. Shi ya sa idan haske ya bi ta ka, kusan duka yake samu suna bakin aiki. Silin ya sirance a gindi, ya karye, bayan mako biyu zuwa uku sai a gan shi a kan matashi.

To me ya sa take dawowa? A 1990 George Cotsarelis da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa a can saman saiwa, a wani ɗan kumburi, akwai wasu ƙwayoyi da ba su cika rabuwa ba. Su ne iri. Manomi yakan ci abin da ya noma amma ya ɓoye damin iri a rumbu, to haka saiwa take yi. Matsakaicin haske yana ƙone amfanin bana ya bar rumbun, sai suma ta dawo bayan wata uku zuwa shida, wani lokaci da ɗan canjin launi ko laushi. Haske mai yawa kuwa yana cin rumbun da irin duka. Da ma'aunin yau, wanda ake kira gire, kimanin gire 3 a tashi ɗaya yana zubar da suma na ɗan lokaci, kimanin 7 yana iya kashe ta har abada. Idan an rarraba hasken kaɗan-kaɗan cikin makonni, kamar yadda ake yi a asibiti, saiwa tana jure fiye da haka nesa ba kusa ba: wani bincike da aka yi a Boston a 2004 ya nuna sai adadin ya kai wajen gire 43 kafin rabin marasa lafiya su rasa sumar wurin dindindin.

'Yan aiken jiki

Saura tambayar wane ne yake gaya wa saiwa ta tsiro ko ta huta. Nan ne tarihi ya sake komawa Vanderbilt, jami'ar da sumar Dudley ta zube. A can ne Stanley Cohen, a 1962, ya tace wani furotin daga mabuɓɓugar yawun ɓera. Da ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai idanunsu suka buɗe, haƙoransu suka fito, kwanaki kafin lokacinsu. Ya sa masa suna sinadarin haɓaka fata, wanda aka taƙaita da EGF. Shi da Rita Levi-Montalcini, wadda suka yi aiki tare kan sinadarin haɓaka jijiya, suka sami kyautar Nobel a 1986. Irin waɗannan sinadarai 'yan aike ne: wata ƙwaya ta sako su, su je su ƙwanƙwasa ƙofar wata ƙwayar, ita kuma ta rabu, ko ta dakata, ko ta fasa mutuwa. Wadda ba ta da ƙofar da ta dace da saƙon ba ta ma san an zo ba.

Mai karatu zai yi tsammanin sinadarin haɓaka zai ƙara suma. Abin da ya faru akasin haka ne. A farkon shekarun 1980 masana a hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya suka gano cewa allurar EGF tana sa saiwar gashin tunkiya ta dakata da aiki na ɗan lokaci, silin ya tsinke a gindi. Daga nan aka fito da wani magani mai suna Bioclip, wanda ya shiga kasuwa a 1998: a yi wa tunkiya allura, a sa mata rigar raga, bayan kimanin wata guda a tuɓe ulun kamar riga, ba almakashi ba aska.

Sauran 'yan aiken suka riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya. A 1989 Jeffrey Rubin da Stuart Aaronson a Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka suka gano KGF, wanda ƙwayoyin ƙarƙashin fata suke aika wa na sama, har da na saiwar gashi, su ce musu su yaɗu su kuma jure. A 1994 Jean Hébert da Gail Martin suka nuna cewa wani ɗan uwansa, FGF5, shi ne mai busa ƙahon tashi daga aiki: ɓeran da ba shi da shi, gashinsa yakan yi tsawo fiye da kima, kuma irin wannan tawaya ce ke bayan dogon gashin wasu kyanwoyi da karnuka. Ta haka aka fahimci cewa saiwa tana zaune ne tsakanin masu cewa ci gaba da masu cewa tsaya. Ƙarfinta a gaban haske ya dogara da saƙon da ya iso mata a ƙarshe kafin hasken ya sauka.

Gwajin kariya

Daga nan dabaru biyu suka fito. Ta farko, a kwantar da saiwa barci kafin hasken ya zo, tunda mai barci ba ya jikkata kamar mai aiki. Ta biyu, a ƙarfafa ta tun kafin lokaci, a hana ƙwayoyinta saurin kashe kansu, a kuma hanzarta gyara bayan ɓarna.

A 1992 Joaquin Jimenez da Adel Yunis a Miami suka nuna cewa EGF da wani sinadarin dangin FGF suna kare jariran ɓeraye daga zubewar gashi da maganin kemo mai suna cytarabine ke haddasawa. Gwajin da ya fi shafar batunmu kai tsaye ya fito daga Cibiyar Paterson ta birnin Mancesta a Ingila. Christopher Potten ya shafe shekaru yana nazarin yadda haske ke kashe ƙwayoyin iri, kuma a 1997 shi da abokan aikinsa sun nuna cewa TGF-beta 3, ɗan aike mai rage saurin rabuwa, yana kare irin da ke cikin hanjin ɓera. A shekarar 2000 shi da Catherine Booth suka riƙa yi wa ɓeraye allurar KGF kullum kafin a haska su da eksire, sannan suka ƙirga saiwoyin da suka rayu. Waɗanda aka yi wa allurar sun fi tsira da saiwoyi, ko da yake kariyar ba cikakkiya ba ce. A 2009 masana a cibiyar nazarin haske ta Chiba a Japan suka ba da rahoton cewa FGF1 yana rage yawan ƙwayoyin saiwa da ke kashe kansu bayan haske. A 2017 tawagar Sung-Jan Lin a Taiwan ta nuna cewa saiwar ɓera tana iya gyara kanta ba tare da ta taɓa rumbun iri ba idan ɓarnar kaɗan ce, kuma ƙara mata wani saƙo mai suna Wnt yana hanzarta gyaran.

Ɗaya daga cikin sinadaran nan ya kai ga gadon asibiti, amma saboda baki, ba saboda suma ba. Masu ciwon dajin jini da ake haska musu jiki duka kafin dashen ɓargo sukan yi gyambon baki mai tsanani har su kasa haɗiyar ruwa. A wani gwaji da aka yi da mutum 212, kashi 98 cikin ɗari na waɗanda ba a ba KGF ba sun yi mummunan gyambon, waɗanda aka ba kuwa kashi 63. A Disamban 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan palifermin. Akwai sharaɗi a takardarsa da ya tattara duk hikimar labarin nan: kada a ba da shi cikin awa 24 kafin kemo ko bayansa, domin idan ya tayar da ƙwayoyi suna tsakiyar rabuwa maganin ya riske su, gyambon ƙaruwa yake yi. Ɗan aike ɗaya, saƙo ɗaya, amma sa'ar isowarsa ce ke raba kariya da ɓarna.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka fara da ciwon dajin jini. Ƙwayoyinsa ba su da ƙofar da KGF ke ƙwanƙwasawa. Ciwon dajin nono da na fata da na maƙogwaro kuwa daga irin ƙwayoyin da ke da ƙofar suke tasowa, kuma babu likitan da zai so ya shayar da gona ya shayar da ƙuduji tare. Wannan fargaba, da tsadar sinadaran, da bambancin ɓera da mutum, su ne suka sa har yau babu wani sinadarin haɓaka da hukumomin magunguna suka amince a riƙa bayarwa don kare suma daga gashin asibiti.

Yadda hasken ya iso Kumasi

Gana ta fara sanin ƙarfin nukiliya ne ta fuskar tsoro. A Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, Kwame Nkrumah ya yi tir da abin har ya riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasar. Amma shi ɗin ne ya kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a 1963, ya kuma aza harsashin cibiyar Kwabenya a 1964, da nufin amfanin zaman lafiya. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin shekaru da yawa. Sai a 1997, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, aka buɗe cibiyar gashin ciwon daji ta farko a asibitin Korle Bu na Akra, birnin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Ta biyu ta zo Kumasi a 2004, a asibitin Komfo Anokye da ke Bantama, wanda jama'a ke kira Gee saboda sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950. Shekarar da aka amince da palifermin a Amurka ke nan, shekara 108 bayan sumar Dudley.

An fara ne da injin kobalt, irin wanda Kanada ta soma aiki da shi a 1951. Hasken kobalt yana kai maƙurar ƙarfinsa a zurfin rabin santimita ƙarƙashin fata, saiwar suma kuwa tana zaune a zurfin milimita uku zuwa biyar, wato kusan a bakin wutar. Sababbin injina masu aiki da lantarki, waɗanda suka shigo Gana daga baya, nasu ƙarfin sai a zurfin santimita ɗaya da rabi ko fiye yake cika, kuma ana iya lanƙwasa haskensu ya bi siffar ƙarin. Hakan yana sassauta wa fata, ko da yake ba ya hana suma zubewa idan kai ake haskawa. Kariyar da ke hannunmu a yau ke nan: iya saiti da iya rabon haske.

Tun da aka buɗe cibiyar, Zango ya sami sabon aiki mai kama da tsohon. A da maigida yana saukar da fataken goro, yau gidajenmu suna saukar da 'yan uwa daga Tamale da Wa da Bawku, waɗanda za su yi mako biyar ko shida suna zuwa asibiti daga Litinin zuwa Juma'a. A tsakar gidajen nan ne ake yanke shawarar ci gaba ko gudu, kuma a nan ne maganar suma take da nauyi.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ba na raina wannan nauyi. Mu mutane ne da ke fara rayuwar jariri da askin suna ran bakwai, amarya ba ta fita sai da kitso, kuma ko da mayafi ya rufe kan mace a waje, akwai miji, akwai kishiya, akwai madubi. Wanda ya ce suma ba komai ba ce, ba tasa ce za ta zube ba. Sai dai mu duba maƙwabtanmu Asante, inda sarauniya da manyan matan fada ke yin gajeren askin dansinkran, kuma babu mai ganin hakan ya rage musu kwarjini.

Tarihin da muka bi ya bar mana abubuwa tabbatattu. Gashin asibiti yana zubar da gashi ne a inda hasken ya ratsa kawai, kamar yadda fili ɗaya tak ya buɗe a kan Dudley. Matar da ake haska wa nono za ta iya rasa gashin hammata, wadda ake haska wa bakin mahaifa ta rasa na mara, amma sumar kansu tana nan. Wanda ke zubar da suma gaba ɗaya shi ne wasu magungunan kemo, domin su jini suke bi, kuma a mafi yawan mutane takan dawo bayan an gama. Wanda za a haska wa kai yana da haƙƙin ya tambayi likita gire nawa fatar kansa za ta samu, da kuma ko ana sa ran sumar ta dawo. Man gashin da ake tallatawa a Kejetia ko a Facebook da sunan yana ɗauke da sinadarin haɓaka, mu tuna cewa waɗannan furotin manya ne da ba sa ratsa lafiyayyar fata cikin sauƙi, kuma masanan Mancesta allura suka yi, a ƙayyadadden lokaci. Fatar da ake haskawa kuwa ba a shafa mata komai sai da izinin masu jinya.

Likitoci irin su Dakta Beatrice Wiafe Addai, wadda ta kafa ƙungiyar Breast Care International a Kumasi a 2002, sun daɗe suna kukan cewa yawancin matan Gana masu ciwon dajin nono ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa. Dalilan suna da yawa, akwai kuɗi, akwai nisa, akwai tsoron wuƙa. Tsoron suma shi ne wanda za mu iya ragewa da bakinmu, a gidan suna da gidan biki, inda ya samo ƙarfinsa. Masana suna ci gaba da neman ɗan aiken da zai kare saiwa ba tare da ya ciyar da cutar ba. Kafin su same shi, saiwa tana da damin irinta a rumbu kuma tana iya jiran wata shida, ciwon daji kuwa ba ya jiran kowa.